Waiwaye: marasa lafiya nawa ya kamata a bar wa infirmiye ɗaya a daren gardi?

Duk shekara in damina ta kankama zazzaɓin cizon sauro ya faɗo, daga watan bakwai zuwa na goma, magana ɗaya ce ke dawowa a fada da cikin gurup-gurup na WhatsApp nan Maraɗi: an kai yaro likita an yi ta kiran infirmiye bai zo ba, ko sajfam, wato ungozoma, ta daka wa mace tsawa tana cikin naƙuda. Sai a hau zagi, ba su da imani ba su da tausayi. Akwai masu mugun hali a cikinsu, wannan ba mai musu. Amma tambayar da ban cika jin ana yi ba ita ce, a wannan daren su nawa ne ke gardi, kuma gado nawa aka bar musu?

Matsalar ba jiya ta faro ba. Tun cikin shekarun 1980 zuwa 1990, lokacin da Bankin Duniya da asusun ba da lamuni na FMI suka ɗaure Nijar da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, gwamnati ta ja birki wajen ɗaukar ma'aikata, ga karyewar darajar sefa a 1994, ga bashin albashi na wata da watanni. Makarantun koyon aikin lafiya na ENSP da ke Yamai da Damagaram ba su daina yaye ɗalibai ba, sai dai yaro ya ƙare karatu ya zauna, ko ya shiga likita a matsayin benebol yana aiki ba albashi, daga baya kuma aka shiga yayin kwantaragi. Ita ko jama'a ba ta tsaya jiran kowa ba, ƙidayar 2012 ta samu jahar Maraɗi da mutum wajen miliyan 3.4, kuma binciken lafiya na shekarar ya nuna macen Maraɗi tana haihuwar kimanin 8.4, sama da 7.6 na ƙasa baki ɗaya.

Zamanin marigayi Tandja Mamadu aka gina kaz da sante, wato ƙananan ɗakunan shan magani, a ƙauyuka rututu daga 2001, aka sa musu ma'aikatan da suka samu horo na ƴan watanni. A 2005 aka mayar da fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Wallahi abin alheri ne, rayuka da dama sun tsira, ba ni da ta cewa a nan. To amma an buɗe ƙofa jama'a sun shigo, masu tarbarsu ba su ƙaru daidai da su ba, kuɗin da gwamnati ya kamata ta mayar wa cibiyoyi kuma ya riƙa jinkiri. A 2024 hukumomin mulkin soja na CNSP sun sake rage kuɗin likita suka ce haihuwa kyauta ce, shi ma madalla, sai dai ma'anarsa ƙarin mata a matarnite, kuma tambayar tana nan inda take.

Ma'aunin da aka saba gani a takardun ma'aikatar lafiya shi ne lokotoro 1 ga mutum 10,000, infirmiye 1 ga mutum 5,000, sajfam 1 ga mata 5,000 masu shekarun haihuwa. Hukumar lafiya ta duniya OMS kuma a rahotonta na 2006 ta ce ƙasar da ba ta kai ma'aikata 2.3 ga mutum 1,000 ba tana cikin matsanancin ƙaranci, ƙasashe 57 suka faɗa ciki, 36 a Afirka, a 2016 ma ta ɗaga ma'aunin zuwa 4.45. Mu ko 1 ba mu kai ba. Sai dai wannan lissafin na ofis ne, ana raba yawan jama'a da yawan sunayen da ke cikin rajista, har da wanda ke hutu, da wadda ke jego, da wanda ya tafi ƙaro karatu, da tarin waɗanda suka taru a Yamai don ba mai son a tura shi Bermo ko ƙauyukan Dakoro. Lissafin ba ya gaya maka ko mutum nawa ne ke tsaye a ɗakin yara da ƙarfe 3 na dare.

A wasu ƙasashe wannan gurbin ne aka yi faɗa a kansa. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 1999, ta fara aiki a 2004, inda aka ƙayyade cewa a ɗakin masu ciwo mai tsanani nas ɗaya ba za ta wuce mutum 2 ba, a ɗakin kwanciya na gama-gari kuma aka tsaya a 5. Masu asibitoci sun yi ta kukan tsada, gwamna Arnold Schwarzenegger ma ya nemi dakatar da wani sashe, kotu ta ƙi. A Ostareliya jihar Biktoriya ta mayar da nata doka a 2015 har da ungozomomi a ciki, Kwinsland ta biyo a 2016 da mutum 4 da rana, 7 da dare. Kuma ba don jin daɗin ma'aikata kaɗai ba ne, binciken Linda Aiken na 2002 a asibitoci 168 na Fensilbeniya ya gano duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa fiɗa cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. A Kwinsland da aka waiwaya bayan dokar an ga mace-mace sun ragu, masu komowa asibiti sun ragu, kuɗin da aka tsimi ya fi wanda aka kashe wajen ɗaukar sababbin ma'aikata.

Na san wani zai ce malam ina Maraɗi ina Kalifoniya. Gaskiya ne, ba mai cewa gobe mu kai 1 ga 5. Amma rashin kowane irin iyaka shi ne ke kashe mu, musamman a ɗakin haihuwa. Mace mai naƙuda ana son a saurari bugun zuciyar jaririnta duk rabin awa a rubuta, kuma zubar jini bayan haihuwa yana iya ɗauke mace cikin awa 2 in ba a farga ba. To sajfam ɗaya mai mata da yawa a lokaci guda, ga wadda aka kawo daga ƙauye a galabaice bayan ta kwana tana wahala gida, ga jariri ya fito bai yi kuka ba, wa za ta bari wa za ta kama? Hannu biyu gare ta. Shi ya sa mai jinya ke zama ma'aikacin dole, uwa ko kaka ce ke tsaron seron tana rugawa ta ce ya ƙare, alhali ba ta san alamar da ke nuna jikin yaro ya fara tsananta ba.

Yanzu Maraɗi na da babban asibitin Referans, ga asibitin jaha CHR, ga cibiyar uwa da yaro, ga sashen lafiya a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga makarantun lafiya masu zaman kansu suna yaye yara duk shekara, da yawansu suna zaune ba aiki ko suna benebol. Ke nan ba mutane ne babu ba, gurbin aiki da albashi ne babu. Abin da nake so in ga sandikar ma'aikatan lafiya irin su SUSAS da hukumar lafiya ta jaha sun zauna a kai shi ne a fidda adadi mafi ƙaranci na kowane gardi, a fara da matarnite da ɗakin yara, a ƙara shi a watannin zazzaɓi, a liƙa a ƙofar ɗaki kowa ya gani, kuma duk daren da adadin bai cika ba majo, wato shugaban infirmiyoyin ɗakin, ya rubuta a rajista ya aika sama. In an tara waɗannan rajistocin na shekara guda, da su za a tafi Yamai neman guraben aiki, da su kuma za a san ƙananan cibiyoyin lafiya, wato CSI, da ya kamata a fara tura wa ma'aikata.