Haihuwar jariri babu rai

Haihuwar jariri babu rai ita ce ɗa ya rasu a cikin mahaifiyarsa bayan ciki ya kai mako 28, ko kafin naƙuda ko a tsakiyarta. Wannan shi ne ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. A Bauchi da Gombe ba a cika ambaton mutuwa kai tsaye ba, sai a ce "ɗan bai zo da rai ba" ko "ya koma". Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙiyasta kusan jarirai miliyan 2 a shekara, fiye da kashi 40 cikin 100 a lokacin naƙuda, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da abin ya fi yawa.

Sanadin da aka fi gani su ne doguwar naƙuda, hawan jini da jijjiga, ɓallewar mabiya kafin haihuwa, zazzaɓin cizon sauro, tunjere, ciwon suga da sikila.

Kulawar asibiti

Idan mai ciki ta daina jin motsi, hoton ciki ne ke tabbatar da cewa zuciyar ɗan ta tsaya. Galibi likitoci sun fi son ta haihu da kanta, a tayar da naƙuda da magani irin su misoprostol ko oxytocin. Tiyata sai in rayuwarta na cikin haɗari. Bayan haihuwa ana sa ido kan zubar jini, zazzaɓi, da fitar ruwa mai wari. Idan rukunin jininta Rhesus negatif ne, ana yi mata allurar anti-D cikin awa 72 don kare cikin gaba. Masu larura mai tsanani ana tura su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe. Wadda doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari kuwa, akwai cibiyar tarayya a Ningi mai gyaransa.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne nono. Jiki bai san an yi rashi ba. Wajen kwana na uku ruwan nono zai sauko, ƙirji ya cika ya yi tauri, rigarta ta jiƙe tana zaune cikin masu jaje. Akwai maganin tsayar da shi, cabergoline, da likita ke rubutawa, kuma ɗaure ƙirji daidai da ɗora tsumma mai sanyi na rage zafi. Ya kamata a faɗa mata wannan tun kafin sallama. Mai hawan jini kuma ta nemi shawarar likita kafin kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi.

Addini, al'ada da zuciyar iyaye

A mazhabar Malikiyya, jaririn da bai yi kuka ko nuna alamar rai ba, ba a yi masa sallar jana'iza. Ana naɗe shi a binne. Sau da yawa maza sun dawo daga maƙabarta kafin uwar ta farfaɗo, ba ta ko ga fuskarsa ba. Da tausayi ake yin haka, amma ya fi dacewa a tambaye ta: akwai mai son gani, akwai wadda ba ta so.

Babu barka, babu suna. Kayan jariri na cikin akwati, ragon suna na ɗaure a tsakar gida. Masu zuwa kan ce "Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo rayayye", addu'ar kuma tana sanyaya rai. Abin da ke ƙona rai shi ne a ɗora wa uwar laifi, ko a fara raɗa cewa mai wabi ce, balle a gidan da akwai kishiya. Kunya ma kan hana mai haihuwar fari kuka a gaban surukai. Uban kuwa shi ya ɗauki gawar a hannunsa, amma da wuya a tambaye shi yadda yake ji.

Uwar mai jego ce cikakkiya, ta cancanci abinci, hutu da zaman gidan iyaye har arba'in in tana so. Idan makonni suka wuce ba barci, ba cin abinci, ko tana maganar gara ta mutu, a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba, domin ciwon damuwa bayan haihuwa yana da magani.

A ciki na gaba ana son ta fara awo da wuri, ta sanar da ma'aikata abin da ya faru, ta sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ta kuma haihu a asibitin da ake iya tiyata da ƙarin jini.