Mene ne bayosimila?

A kantin magani a Birnin Kebbi, mai ciwon suga kan nemi insulin ɗin da ya saba, a ce masa ya ƙare, amma ga na wani kamfani mai sauƙin kuɗi. Nan take zuciya ta raya masa jabu ne. Sau da yawa abin da aka miƙo masa bayosimila ne, kuma magani ne na gaskiya.

Insulin yana cikin magungunan da ake kira bayolojik. Su ba daga sinadarai ake haɗa su ba kamar yadda ake haɗa farasitamol. Ƙwayoyin halitta masu rai ne ke ƙera su: bakteriya, ko yis, ko ƙwayoyin jikin dabba. Ana dasa musu umarnin gado na furotin ɗin da ake so, kamar insulin, a rene su cikin manyan tankunan ƙarfe, ana kula da zafi da iska da abincinsu ba dare ba rana. Humulin, insulin na farko da aka yi ta wannan hanya, ya samu amincewa a Amurka a 1982. Kafin nan daga jikin shanu da aladu ake tatso shi.

Wahalar tana wajen tacewa. Abin da ke fitowa daga tanki gauraye yake da tarkacen ƙwayoyin da suka ƙera shi, sai an bi da shi ta matatai hawa-hawa, aikin da ake kira kuromatogirafi, har a ware furotin ɗin shi kaɗai. Daga nan na'urori su auna nauyinsa, su duba jerin amino asid 51 da ke cikin insulin, wato tubalan da ake gina furotin da su, su tabbatar ya naɗe yadda ya kamata, domin furotin da bai naɗe daidai ba ba ya aiki.

Idan wa'adin haƙƙin mallakar kamfanin farko ya ƙare, wani kamfani na iya yin irinsa. Amma ba za a ba shi ƙwayoyin na farkon ba, nasa zai rena, don haka maganin ba zai fito iri ɗaya sak ba. Shi ya sa ake tilasta masa ya jera nasa da na farkon a gwaji, ya nuna babu bambancin da zai shafi majinyaci. Maganin da ya ci wannan gwaji shi ne bayosimila. Tarayyar Turai ta fara amincewa da bayosimila a 2006. A nan gida, a duba lambar rajistar NAFDAC, kuma a shawarci likita kafin a sauya.

Ni abin da ya fi damuna shi ne zafi. Furotin kamar ƙwai yake, in ya dahu ba ya komawa ɗanye. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ba a bari ya daskare, alhali a watan Afrilu zafin Kebbi kan haura 40, ga wuta ba ta tsayawa. Don haka mai saye ya tambayi mai kanti kai tsaye: Malam, a ina ka ajiye shi, kuma in an ɗauke wuta da me firjin ke aiki?