Idan kare ya haɗiye ƙashi, kada a yi gaggawar zura masa hannu a baki

A gidajen masu hali na Ikeja, Magodo da Lekki a Legas, ba kasafai mai gida ke kula da karensa ba. Maigadi ne ke ba shi abinci, ya wanke masa keji, ya sake shi da dare, kuma sau da yawa maigadin nan ɗan Arewa ne. Ga kuma 'yan uwanmu na Agege da ke ajiye kare don gadin tumaki ko shago. A aikinmu na malaman dabbobi, da su muka fi magana idan kare ya shiga matsala, kuma matsalar ƙashi tana cikin waɗanda suka fi yawa, musamman bayan Babbar Sallah da lokacin bukukuwan Disamba.

Kowa ya taso da sanin cewa ƙashi abincin kare ne. Amma wuta tana sauya ƙashi. Idan an dafa shi, an soya ko an gasa, yakan bushe, kuma da kare ya tauna sai ya tsattsage ya zama 'yan tsinke-tsinke masu kaifi. Cinyar kaza, haƙarƙarin akuya, ƙayar kifi, su ne kan gaba. Ɗanyen ƙashi irin wanda ake samu da araha a kwatar Oko-Oba bai cika tsagewa haka ba, sai dai yana fasa haƙori, kuma idan ya wuni a zafin Legas yana ɗaukar ƙwayoyin cuta. Akwai wani abin da ni nake jin tsoronsa fiye da ƙashi: tsinken tsire. A ci tsire a bakin get, a yar da tsinken da ɗan kitse a jikinsa, kare ya haɗiye shi dungum. Ruwan ciki yana iya narkar da ƙaramin ƙashi, amma ba ya narkar da itace. Albasar da ke cikin takardar ma illa ce, domin tana lalata jinin kare idan ya ci da yawa.

Abin da za a yi ya danganta da inda ƙashin ya tsaya. Wani lokaci bai ma wuce baki ba, ya gitta ne a ganɗa tsakanin haƙoran sama, ko kuma ƙashin ɓargo mai rami ya shige muƙamuƙin ƙasa ya ƙi fita. Za ka ga kare yana ta kai ƙafa baki, yana goga fuska a ƙasa, miyau na dalala. Idan a hanyar abinci ya maƙale, zai riƙa miƙa wuya yana haɗiyar banza, yana kakari, kuma duk abin da ya ci sai ya dawo nan take, wani lokacin har ruwa.

To, a nan ne nake roƙon kowa ya tsaya. Kare mai dalalar miyau, baki a sake, ya kasa haɗiya, kamar wani abu ya tsaya masa a wuya, haka ma ciwon haukan kare yake bayyana. Ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da cizo ba. Akwai nau'in da ke shanye muƙamuƙi da maƙogwaro, kare ya yi shiru, muryarsa ta sauya. Mai tausayi sai ya ce ƙashi ne, ya buɗe bakin ya zura yatsu, alhali ƙwayar cutar tana cikin miyau, kuma ɗan ƙwarzane a hannu ya ishe ta shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Saboda haka kafin komai ka tambayi kanka: na ga lokacin da ya ci ƙashin da idona? An yi masa allurar rigakafi, akwai katinsa? Idan amsar a'a ce, ka rufe shi a keji, ka kori yara, ka kira likitan dabbobi. Wanda kare ya riga ya ciza, ko miyau ya taɓa masa rauni, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allura, ba gobe ba.

Ko da kare mai kati ne, zafi yana sa ya ciji wanda ya raine shi. A samu mutum biyu, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya haska da tocila. Idan ƙashin yana bayyane kuma yana motsi, a sa safar hannu a ciro da filaya. Idan ya yi zurfi ko ya kafe, a bar shi. Likita zai ba shi maganin barci ya cire cikin sauƙi. Abin da ba ya jira shi ne shaƙewa: kare ya kasa numfashi, harshe da dasashi sun fara yin shuɗi. A nan a ɗaga ƙafafunsa na baya kamar mai tura baro, a danna cikinsa da ƙarfi daidai bayan haƙarƙari zuwa sama, sau da dama, sannan a nufi asibiti ko da ƙashin ya fito.

Yanzu maganar manja. Kusan duk wanda ya kira mu sai ya ce, "Malam, na riga na ɗura masa manja." Wasu ruwan gishiri suke ɗurawa don ya yi amai. Ƙashin da ya sauka lafiya, idan aka tilasta masa hawowa, yana iya yanka hanyar abinci a dawowa. Gishiri mai yawa guba ne ga kare, man da aka ɗura da ƙarfi kuma yana iya kauce hanya ya shiga huhu. Magungunan ciwon jiki na mutane su ma a nisanta su. Ibuprofen da diclofenac suna ƙwaƙule cikin kare su kashe ƙoda, paracetamol kuma yana taɓa hanta.

Idan ƙashin ya wuce, kare yana numfashi daidai, yana wasansa, to aikin sa ido ne. A ba shi abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, kamar dafaffiyar shinkafa ba yaji ko burodi, a ajiye masa ruwa, a hana shi guje-guje. Kwana uku ana duba bayan gidansa. Na san da yawa daga cikinmu suna ƙyamar wannan, amma da tsinke da leda za a duba ba sai an taɓa ba. Bayan gida fari, busasshe, mai marmashewa, alama ce ƙashin yana narkewa. Abin da zai sa a tashi shi ne amai a kai a kai, ƙin cin abinci, ciki ya kumbura ko ya yi tauri, yunƙuri ba abin da ke fita, jini, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo. Wani karen za ka ga ya kwantar da ƙirji a ƙasa ya ɗaga ƙugu sama ya daɗe a haka. Ciwon ciki ne ke sa shi. Idan kuma aka ga tsinin ƙashi ko tsinke ya leƙo ta dubura, kada a ja. A asibiti hoto yana nuna ƙashi sarai, likita ya san ko a jira ko a yi tiyata. Hanjin da ya huje yana zubar da ƙazanta cikin ciki, kuma daga nan kare ba ya daɗewa.

Abin da ya fi kashe karnukan nan, a ganina, shi ne tsoron oga. Maigadi ya ba kare ragowar kazar biki da kyakkyawar niyya, ya ga ya fara amai, ya yi shiru kada a zaftare masa albashi, sai a rana ta uku ya faɗa, lokacin da aikin ya zama na tiyata mai tsada. Ɗan uwa, ka faɗa a daren. Ka ce wane irin ƙashi ne, dafaffe ko ɗanye, ƙarfe nawa ya ci, domin su ne tambayoyin da likita zai fara yi. Ka karɓi lambar likitan karen tun yau ka ajiye a wayarka, don a cunkoson Legas tafiyar Ajah zuwa Ikeja kaɗai tana iya cin rabin yini, gara ka san asibitin dabbobi mafi kusa da gidan. Masu gida kuma su sani, wanda ake yi wa tsawa a kan kowane kuskure ba zai kawo labari da wuri ba.

Ranar yanka ko biki, a tattara ƙasusuwa da tsinkaye a ɗaure a leda, a sa a bola mai murfi da kare ba zai iya kifarwa ba, a kuma gaya wa yara da baƙi kada su jefa masa komai. Wanda bai san matsayin rigakafin karen da yake gadi da shi ba, ya nemi a nuna masa katin. Ana fara allurar tun kare yana wata uku, a kuma sabunta ta duk shekara.