Kiyaye kai a kan tsaunuka lokacin sanyi

Kiyaye kai a tsauni lokacin sanyi na nufin dabarun da masu hawan dutse da masu wasan sulu kan dusar ƙanƙara ke bi don su dawo gida lafiya. Zancen ya shafe mu, tunda ga ɗalibanmu na Maradi a Faransa da Maroko ana jan su yawon tsaunukan Alp na Turai ko na Atlas a Maroko, kuma ko nan Nijar dutsen Bagzam na Ayar ya kai mita 2,022, dare na yi ɗari ya sauko ba wasa.

Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da wajen digiri 6.5, to amma ba sanyin kaɗai ke kisa ba, jiƙewa da iska su ne ke ƙarasa mutum. Wanda ya saba da hunturunmu busasshe nan yake ruɗuwa, ya jibga kayan auduga, ya yi zufa wajen hawa, audugar ta riƙe zufar, yana tsayawa iska ta buge shi shikenan. Shi ya sa ake sa kaya hawa uku, na ciki mai busar da zufa, na tsakiya na ulu, na waje mai tare iska da ruwa. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari, za a ga karkarwa, magana na sarƙewa, mutum na tangaɗi, kai in ma karkarwar ta tsaya alhali bai ɗumama ba to abin ya ƙara muni ne. A cire mashi jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a ba shi shayi mai sukari in yana hayyacinshi. Yatsa ko kunnen da ya daskare ba a murza shi, ba a kara shi a wuta, ruwa mai ɗumi ake sa shi.

Zaftarewar dusar ƙanƙara ta fi faruwa a gangara mai karkatar digiri 30 zuwa 45. A Turai ana auna haɗarin daga 1 zuwa 5 kullum, a duba kafin a fita. Wanda ta rufe, in an tono shi cikin minti 15 galibi yana rayuwa, bayan nan dama na raguwa da sauri, don haka abokan tafiya ne ke ceto, kowa da shebur da sandar lalube da na'urar gano wanda aka binne.

Baƙin tabarau dole ne, hasken dusar na ƙona ido. Salula a aljihun ciki, sanyi na cinye batiri, lambar agaji a Turai 112.