Tampol Daban, Ɗauri Daban: Abin da Doka Ta Ce Kan Kayan Tirela

Magana biyu ke yawo a bakin direbobin tirela da yaran mota a Zariya, daga Kwangila har Ɗan Magaji. Wasu na cewa an haramta ɗaure kaya da igiya, duk wanda bai sayi bel mai ƙarfen ɗamewa ba za a kama shi. Wasu kuma na cewa da zarar ka lulluɓe kaya da tampol, ka gama da doka. Duka biyun ba haka ba ne, kuma na biyun ne ya fi tsorata ni, domin shi ke kashe mutane.

Dokokin da ke aiki a nan su ne dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta 2007, da ƙa'idojin zirga-zirgar hanya na 2012. Sun shafi duk mai ɗaukar kaya, daga tifa har tirela. A jadawalin laifuffukan hukumar babu inda aka ambaci sunan igiya ko bel na ɗaure kaya. Daga cikin abin da ke ciki akwai lodin da ya wuce ƙima, tarar naira 10,000. Rashin ɗaura jan ƙyalle a kan kayan da suka zarce bayan mota, naira 3,000. Sai rashin rufe kayan da ke iya zubewa, naira 5,000.

Wannan na ƙarshen ne ke ruɗa mutane. An yi shi ne saboda yashi da tsakuwa da makamantansu, waɗanda iska ke kwasa ta watsa wa na baya a gilashi. Tampol na maganin wannan. Amma tirela mai shimfiɗaɗɗen baya ba ta da bango ko ɗaya. Ka ɗora mata rodi, ka rufe da tampol, ka ja igiya biyu, sannan mai babur ya gitta maka a gangaren gadar Kwangila ka taka birki: motar za ta tsaya, rodin kuwa zai ci gaba da tafiya, kuma kan motar da kake zaune ne a gabansa.

Idan haka ta faru, maganar ta wuce naira 5,000. Ana iya tuhumar direba da tuƙin ganganci, wanda hukuncinsa tarar naira 50,000 ne ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. In an rasa rai, ɗaurin na iya kaiwa shekara bakwai.

To da me za a ɗaure? Kayan ne ke zaɓa. Rodi, bututun ƙarfe da injuna sai sarƙa da abin ɗame ta, don kaifin ƙarfe na yanka bel. Buhunan masara, taki ko siminti bel ya fi musu, saboda faɗinsa ba ya fasa buhu. Kwantena kuwa makullanta huɗu na kusurwa ne ke riƙe ta, ba sarƙa ɗaya da aka wurga ta sama ba. In za ka sayi bel, duba ɗan ƙyallen da aka ɗinka a jikinsa. Lambar da ke kai ita ce nauyin da aka yarje masa ya yi aiki da shi, kuma ta yi ƙasa sosai da babbar lambar da ake bugawa a leda, wadda ke nufin inda zai tsinke. Bel ɗin da rana ta cinye, ko aka ƙulla bayan ya yanke, ya gama aiki.

Akwai lissafin da wasu ke kawowa daga intanet, cewa jimillar ƙarfin abin ɗauri ya kai rabin nauyin kaya. Dokar Amurka ce, ba tamu ba, ba wanda zai ci ka tara da ita a nan. Amma ma'auni ne mai kyau: tan 30 na rodi na son ɗaurin da ya kai tan 15.

Inda nake ganin ba a kyauta ba shi ne, direba ne ake tsayarwa a hanya, shi ake rubuta wa takarda, alhali ba shi ke sayen sarƙa ba. Mai mota na gida, mai kaya na matsa wa a tashi kafin magariba, direban da ya ce ba zai motsa da tsohuwar igiya ba kuma gobe wani ne a kan kujerarsa. Ya kamata hukuma ta riƙa bin mai motar har gareji kamar yadda take tare direba a titi.