Kumfar da sauti ke haifarwa a cikin ruwa: tambayoyi da amsoshi

Yaya sauti yake haifar da kumfa?

Sautin da girgizarsa ta haura 20,000 a daƙiƙa kunne ba ya jin sa, amma ruwa yana jin sa a jikinsa: ya matsu, ya saku, ya sake matsuwa. A lokacin sakuwar matsi kan faɗi ƙwarai, sai iskar da ta narke a ruwan da tururi su taru su zama ƙwayoyin kumfa ƙanana. Kumfar ta yi ta kumbura tana motsewa, har ta kai girman da ba za ta ɗauka ba, sai ta rufta ciki. Da wannan kumfar injin wanke kaya da sauti yake aiki, wato kwanon ruwa da ake aika wa irin wannan sauti.

Me ke faruwa a lokacin ruftawar?

Nan duk ƙarfin yake. Iskar cikin kumfar kan matsu da saurin da zafi ba ya samun hanyar fita, har ya kai kusan digiri 5,000, matsi kuma ya kai wajen ninki 1,000 na iskar da muke shaƙa. Duk da haka ruwan kwanon ɗumi kawai yake yi, domin wurin ƙanƙane ne, lokacin ma bai kai ƙiftawar ido ba. Wannan zafi kan raba ƙwayar ruwa gida biyu, H (haidirojin) da OH (oksijin haɗe da haidirojin), biyu daga cikin OH su haɗu su ba da H2O2, wato sinadarin haidirojin feroksaid. Har ɗan haske kan fito, kamar yadda masana kimiyya Frenzel da Schultes suka gani a Jami'ar Kolon ta Jamus a 1934.

To yaya take wanke datti?

Kumfar da ta rufta kusa da ƙarfe ba ta ruftawa daidai, sai ta harba tsinin ruwa ya daki jikin ƙarfen, ya ɓamɓare dattin da buroshi ba ya kaiwa. Injin masu gyaran waya da maƙeran zinariya galibi yana girgiza 40,000 a daƙiƙa.

Me ya sa wani lokaci injin ba ya wankewa?

Sabon ruwa cike yake da iska, ita kuwa iskar sassauta ruftawar take yi. A kunna injin minti 5 zuwa 10 da ruwa kaɗai kafin a sa kaya. Zafi ya tsaya tsakanin digiri 50 da 60. In ya doshi tafasa, tururi kan cika kumfar ta rufta ba ƙarfi. A sa kaya a kwando, kada su taɓa gindin kwanon, kada a kunna shi babu ruwa, kuma kada a kuskura a zuba fetur. Don gwaji, a tsoma siririyar takardar alminiyam na minti ɗaya: injin kirki zai bar ta da ƴan huji birjik.