Gonar gawa

Gonar gawa suna ne da ake kiran wani killataccen fili na jami'a inda ake ajiye gawawwakin mutanen da suka ba da jikinsu kyauta, a bar su su ruɓe a bisa ƙasa ko a cikinta, masu bincike suna lura da abin da ke faruwa rana bayan rana. Sunan na bakin jama'a ne. Ma'aikatan wurin sun fi cewa filin bincike. Aikin reshe ne na ilimin binciken ƙasusuwan ɗan Adam don taimakon shari'a, wanda ake komawa gare shi idan an tsinci gawa da ta wuce a gane ta da fuska. Tambayoyin alƙali ko jandarma a irin wannan hali ba su da yawa: wane ne wannan, yaushe ya mutu, me ya same shi. Ta biyun ita ce mafi wuya, kuma dominta aka kafa filin farko.

Asali

A watan Disamba na 1977 aka kira William Bass, malami a Jami'ar Tenesi ta Amurka, ya duba wata gawa da aka samu a wani tsohon kabari da aka tone a garin Franklin. Ganin akwai sauran nama mai launi a jikinta, sai ya ce mutumin bai fi shekara guda da mutuwa ba. Ashe mai kabarin ne da kansa, Kanar William Shy, wanda aka kashe a yaƙin basasar Amurka a 1864. An yi wa jikinsa maganin hana ruɓewa, aka rufe shi cikin akwatin ƙarfe, ɓarayin kabari kuma suka fasa akwatin suka jawo shi waje. Bass ya kuskure da shekara 113.

Bai ɓoye kuskuren ba, ya riƙa ba da labarinsa a matsayin shaidar cewa masana ba su san yadda jikin mutum yake ruɓewa ba. Ya nemi fili a bayan asibitin jami'ar a birnin Knoxville, aka ajiye gawar farko a 1981. Filin, wanda ya fara da ɗan shinge, yanzu ya kai wajen hekta guda ta kurmi.

Abin da ake aunawa

Ana ajiye wata gawar a rana, wata a inuwa, wata cikin rami marar zurfi, wata cikin ruwa ko cikin but ɗin mota, wata da tufafi, wata babu. Ana ɗaukar hoto, ana rubuta zafin iska da na ƙasa, ana ɗibar tsutsotsi da ƙasar da ke ƙarƙashin jikin.

Masana kan raba ruɓewa mataki biyar. Da fari jiki yana nan kamar yadda yake, ya sandare sannan ya saki. Sai kumburi, lokacin da ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin hanji suka fara cin jikin daga ciki suna fitar da iska. Sai narkewa, inda tsutsa ke cinye mafi yawan nama. Sannan aikin ya lafa, daga ƙarshe a bar ƙashi da busasshiyar fata. A lokacin zafi ƙudaje masu sheƙin kore da shuɗi kan iso cikin mintoci kaɗan, su yi ƙwai a ido da hanci da baki da duk inda rauni yake. Tun da an san kwanakin da kowane irin ƙuda ke ɗauka daga ƙwai zuwa tsutsa zuwa fiffike a kowane zafi, girman tsutsar kan nuna mafi ƙarancin lokacin da gawar ta yi a wurin.

Babban abin da filin Tenesi ya tabbatar shi ne ƙidayar kwanaki kaɗai ba ta da amfani, sai an haɗa da zafi. Ana tara matsakaicin zafin kowace rana tun daga mutuwa, jimillar ita ce ma'auni. Arpad Vass, wanda ya yi bincike a wurin, ya fitar da wani lissafi mai sauƙi ga gawar da ke bisa ƙasa: a raba 1,285 da matsakaicin zafi a ma'aunin Selsiyos, abin da ya fito shi ne kimanin kwanakin da za ta zama ƙashi. A digiri 10 kwana 128 ke nan, a digiri 35 kuwa wajen 37. Lissafin somi ne kawai, don bai san da raɓa ko bushewar iska ko dabbobi ba.

Ƙashi da koyarwa

Idan nama ya ƙare, sai a tattara ƙasusuwan, a wanke, a sa musu lamba, a ajiye cikin kwali. Tarin ƙasusuwan Tenesi ya wuce na mutum 1,500, kuma darajarsa ita ce an san kowa: shekarunsa, tsayinsa, sana'arsa, cututtukan da ya yi. Da irin wannan tari ake gwada ko ƙa'idojin da ake koyarwa gaskiya ne. Ƙashin ƙugu ya fi kowane nuna mace ko namiji. Haƙora da bakin dogayen ƙasusuwa suna nuna shekarun yaro, tsawon ƙashin cinya kuma yana ba da kimanin tsayin mutum. Karayar da ta warke tun da rai dabam take da ta lokacin mutuwa, dabam kuma da wadda kare ko garma ta yi daga baya. Masu bincike Richard Jantz da Stephen Ousley sun tara irin waɗannan awon cikin manhajar kwamfuta mai suna FORDISC a 1993.

Ɗalibai da ƴan sanda, har da jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, kan zo koyon gano ɓoyayyen kabari daga lotsawar ƙasa da canjin ciyawa, da yadda ake tono da ƙaramin cokalin magini da buroshi ba tare da an ɓata shaida ba.

Ba da jiki

Dokar Amurka ta 1968 kan kyautar sassan jiki ta ba baligi ikon yin wasiyya da gawarsa. Mutum kan cike takardu tun yana da rai, ko dangi su miƙa shi bayan mutuwa. Ba a biyan kowa kuɗi. A Tenesi ba a karɓar gawar da aka yi wa maganin hana ruɓewa, ko ta mai wasu cututtuka masu yaɗuwa kamar tarin fuka da ciwon hanta, kuma ƙasusuwan ba sa komawa hannun dangi. Wasu don ilimi suke bayarwa, wasu kuwa tsadar jana'iza a can ce ke tura su.

Yaɗuwa

Jami'ar Karolaina ta Yamma ce ta biyo baya da nata filin. Na Jami'ar Jihar Teksas, na 2008, ya wuce hekta 10, kuma a can aka ga ungulaye suna iya mayar da gawa ƙashi cikin sa'o'i kaɗan, abin da zai sa mai bincike ya zaci an yi watanni. Akwai na busasshiyar ƙasar Kolorado da na sanyin arewacin Mishigan. Ostireliya ta buɗe nata kusa da Sidni a 2016, Holan a Amsterdam a 2018, Kanada a lardin Kebek a 2020. Dalilin yawaitar su guda ne: awon wani yanayi ba ya aiki a wani. A Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe da gawar alade ake irin wannan gwaji, ko da yake wani binciken Tenesi da aka bayyana a 2016 ya nuna alade da zomo ba sa ruɓewa yadda mutum yake yi.

A yanayin Maraɗi

Knoxville gari ne mai kurmi da laima, ruwan samansa ya wuce milimita 1,000 a shekara. Maraɗi na samun wajen rabin haka, cikin wata uku ko huɗu na damina. Da bazara zafi kan wuce digiri 40, da hunturu kuma iska kan bushe ƙayau. A irin wannan yanayi fata kan ƙafe kamar ƙirgi kafin tsutsa ta gama aikinta, gawa ta daɗe a haka. Abin da zai faru a jigawa cikin watan Afrilu ba shi ne zai faru a fadamar Gulbin Maraɗi cikin Agusta ba. Ga karnuka, ga gara, ga ungulu, duk da ta yi ƙaranci sosai a ƙasar Hausa. Mai binciken da ya ɗauko lissafin Tenesi ya ɗora a nan zai iya maimaita kuskuren Bass.

Buƙatar ilimin kuwa ba baƙuwa ba ce a yankin. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwaki 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara daga ƙasar Kance, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocinsu sun lalace. A Cadi kuma, ƙwararrun binciken ƙasusuwa na ƙasar Ajantina, waɗanda ƙungiyarsu ta kafu a 1984, sun tone kaburbura don shari'ar tsohon shugaban ƙasar, Hissène Habré, da aka yanke a Dakar a 2016.

Ba da jiki ga irin wannan fili ne ke da wuyar shiga a nan. A Maraɗi, wanda ya rasu da safe yakan shiga makwancinsa kafin la'asar: wanka, likkafani, sallah, binnewa, duk haƙƙinsa ne a kan masu rai. Malamai kan kawo hadisin Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta halatta feɗe gawa a 1987 don binciken laifi, gano cuta da koyar da likitanci, amma da sharuɗɗa: a tsaya iyakar larura, kuma a binne dukkan sassan jikin bayan an gama. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne gonar gawa ba ta cikawa, domin ƙasusuwan da ta tattara a kwali suke zama.